Lodin Koci Tanko

In ka shiga Furana ka ce kana neman Tanko, za a tambaye ka wanne, don sun kai bakwai. Amma ka ce Koci, ko makaho zai nuna maka shagon cajin waya da ke daura da masallacin Juma'a. Nan yake wuni tsakanin wayoyi arba'in da janareta ɗaya mai tarin fuka, da usur na ƙarfe rataye a wuyansa da jan zare. Da shi yake alwala, da shi yake cin tuwo. Matarsa Suwaiba ta ce tun ranar da aka rataya masa abin nan, ko yara zai kira cin abinci sai ya busa.

Usur ɗin yana da tarihi. Wani ɗan bautar ƙasa ne da aka turo garin shekarun baya ya daɓe fili da siminti a bayan firamare, ya kafa ƙarafa biyu da kwandunansu, ya koya wa samari ƙwallon kwando. Da zai tafi ya bar usur, ya ce duk wanda ya rataya shi ne mai horarwa. Ranar da aka zauna zaɓe Tanko ya fi kowa magana, aka gaji aka ba shi. Bai taɓa jefa ƙwallo a kwando ba, tsawonsa kuma bai kai hammatar ɗan wasansa mafi gajarta ba. Abin da yake da shi shi ne wasannin ƙwararrun Amurka, waɗanda yake kallo da datar masu kawo caji kafin wayoyinsu su cika. A takardar 'yan wasa ma sunansa ne na goma, ya rubuta da kansa don ya samu riga mai lamba.

Shekara biyu a jere ƙungiyarsa, Dogayen Furana, tana kaiwa wasan ƙarshe a gasar Ikara da Makarfi da Kudan, shekara biyu a jere 'yan Makarfi suna lallasa ta. Ta farko Tanko ya ce rana ce ta shiga idon yaransa. Ta biyu ya ce iskar ƙwallon ta yi yawa. Bana ma an sake haɗuwa, za a buga a Ikara.

Saura kwana tara, Alhaji Bobbo ya aika a kira shi. Alhaji Bobbo shi ne shugaban kwamitin ƙungiya, mai shanu ne, mai fataucin masara, kuma mutum ne da bai yarda da doguwar magana ba in ba gaisuwa ba. Sai da aka tambayi gida da iyali da kasuwa da gajiya, aka sake tambayar gajiya, sannan ya ce:

"Koci, ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. In 'yan Makarfi suka ci mu na uku, usur zai koma wuyan Malam Ya'u."

Malam Ya'u malamin motsa jiki ne a firamare. Ya buga ƙwallon kwando na gaske a Zariya lokacin yana ɗalibi, kuma ba ya musu da kowa. Wannan rashin musun ne ya sa Tanko ya tsane shi.

Tanko ya kama usur ɗin da hannu ɗaya, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ranka ya daɗe, ai bana ka sa a ranka kofi ya shigo Furana. Na gano ciwon. Gajiya ce take kashe mu. A Amurka ba a barin ƙwararren ɗan wasa ya yi ta gudu kamar jakin haya. Akwai abin da ake ce wa lodi-manajimen."

"Lodi me?"

"Lodi dai, Alhaji. Kowane babban ɗan wasa yana da lodinsa, minti talatin da biyu, ba ƙari. Kafin babban wasa kuma sai a ɗauke shi daga fili gaba ɗaya, a sa shi a lodi."

Alhaji Bobbo ya daɗe yana kallonsa, fuskarsa tana sakewa a hankali. "Duka biyar ɗin?"

"Duka biyar."

"Har Ukasha?"

"Shi ne ma na farko."

"Kai, madalla," in ji Alhaji Bobbo. "Allah ya yi maka albarka."

Tanko ya fito yana jin kansa kamar ya ƙara tsawo. Washegari Juma'a, ana idar da salla ya ari lasifikar mai maganin basir da ke kafa motarsa a ƙofar masallaci, ya busa usur sau uku, ya ce:

"Jama'a, a sani! Daga yau har Asabar ta sama, manyan 'yan wasana biyar, Ukasha da Bilya da Shamsuddeen da Bashir da Abdulrahman, babu su babu atisaye. Na sa su a lodi. Duk wanda ya gan su, ya sani suna kan lodi ne, kuma da izinina!"

To, abin da Koci ya manta shi ne kaka ake ciki. A Furana da kaka, kalmar lodi ma'ana ɗaya gare ta: buhu a ƙasa, mota a tsaye, ana neman ƙato. Dattawa suka dubi juna. Wani tsoho ma har da ɗaga hannu yana addu'a. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Da safiyar Asabar Tanko ya fita zagayen duba masu hutu. Ya fara da gidan su Ukasha, wanda shi ne dogon ƙungiyar, shi ne kuma duk abin da take taƙama da shi. Mahaifiyarsa, Inna Azumi, ta fito zaure da kanta.

"Koci, sannu da zuwa. Ai ni zan zo in yi maka godiya. Shekara uku ina cewa wannan tsalle-tsallen ba ya kawo komai, ashe ni ce ban sani ba."

"Yana ciki yana barci ko, Inna?"

"Barcin me? Tun asuba yana wajen lodin da ka tura shi."

A ƙofar siton hatsin Alhaji Bobbo Tanko ya same su. Manyan motoci biyu a tsaye, an jingina katako, Ukasha yana hawa da buhun masara a kafaɗa, sauran huɗun suna biye da shi. Tanko ya buɗe baki zai yi ihu, sai Alhaji Bobbo ya riƙo hannunsa ya ɗaga sama a gaban jama'a.

"Ga mutumin kirki nan! Tun da aka kafa ƙarafan nan ba a taɓa samun mai horarwa da ya tuna da manoma ba sai shi."

Aka yi ta sa albarka. A can gefe, a kan benci, Malam Ya'u yana zaune yana ɓare gyaɗa, yana kallo. Kalma ɗaya ce kawai za ta gyara komai, Tanko ya ce an yi masa mummunar fahimta. Amma wannan kalmar za ta shiga kunnen Ya'u. Ya haɗiye ta, ta wuce da ƙyar.

"Ai tsarin ke nan," ya ce.

"Koci," in ji Malam Ya'u a hankali, "su ma can Amurkan masara suke ɗauka?"

"Alkama," in ji Tanko. "Can alkama suke nomawa."

Tunda abu ya zama tsari, sai a tsara shi. Nan take ya yanke hukunci cewa buhu ɗaya daidai yake da minti ɗaya, saboda haka kowane ɗan wasa buhu talatin da biyu zai ɗauka, ba ƙari. Ya tsaya a bakin mota yana lura, wanda duk ya cika sai ya busa masa usur.

"Ku saurara da kyau. Kuna jin usur ɗina, ku sauke abin da ke hannunku a inda kuke. Ko kuna tsakiyar katako ne. Ba gardama, ba tunani. Usur, saukewa. Me na ce?"

"Usur, saukewa," in ji su.

Suka kuwa koya. Kafin azahar, da ya busa sai ka ga ƙato ya durƙusa ya dire buhu a hankali, ya kakkaɓe kafaɗa, ya juya. Tanko ya ce ko a bidiyo bai taɓa ganin biyayya irin wannan ba.

Matsalar ita ce Furana ba Alhaji Bobbo kaɗai ke da masara ba. Labari ya bazu cewa Koci ya ƙayyade buhu talatin da biyu, kowa kuma ya fahimci cewa talatin da biyun na kowane gida ne. Ana saukewa a nan, maƙwabci yana tsaye da sallamarsa. Yaro ba ya ce wa sa'an ubansa a'a. Mai waken soya ya zo, mai barkono ya zo, har wata tsohuwa da ba ta da buhu ko ɗaya ta ce a matsar mata da turmi don kada a ce an yi babu ita. Tanko ya yi ta bin su lungu-lungu yana busa, har leɓensa ya tsage.

Ranar Litinin Ukasha ya tare shi, gumi yana zuba, ya rusuna. "Koci, ba gardama nake ba. Yaushe za a fara hutun?"

"Kana cikinsa."

Ranar Talata ƙugun Bilya ya riƙe, ya zama in zai dubi sama sai ya kwanta. Kafaɗar Shamsuddeen kuma ta ƙi ɗaguwa. Tanko bai girgiza ba, don ya ga maganin wannan a bidiyo: wankan ƙanƙara. Ya ga ƙwararru zaune cikin baho har wuya suna dariya.

An yi sa'a, ko kuma an yi rashinta, Suwaiba ta kwana huɗu tana tara ƙanƙara don zoɓon sunan ƙanwarta. Tana fita maƙwabta niƙa, ya juye ƙanƙarar gaba ɗaya cikin duron ruwanta, ya shigo da majinyatan biyu tsakar gida daga su sai gajeren wando.

Bilya ya tsoma yatsa ya cire. "Koci, wannan fa ana mutuwa."

"Ƙwararru minti goma suke yi. Ku da yake ku biyu ne, ashirin."

Suwaiba ta dawo da ƙwaryar gari a ka, ta tarar da kawuna biyu sun leƙo daga duronta, haƙora suna kaɗawa, mijinta yana tsaye yana duba waya. Ta sauke ƙwaryar. Ta dubi duro, ta dubi firij a buɗe, ta dubi miji.

"Baban Rahama, zoɓo na ce zan jiƙa ko 'ya'yan mutane?"

"Ba za ki gane ba, kimiyya ce."

"To kimiyyar ce za ta sanyaya wa mutum ɗari zoɓo gobe?"

"Ai ba ta narke duka ba. In sun fito sai ki tsame sauran."

Suwaiba ta ɗauki muciya ta tsaya tana kallonta kamar ba ta taɓa ganin irinta ba. Tanko ya busa usur da wuri, saura minti shida. Washegari aka sha zoɓo da ɗumi a wajen suna, Bilya da Shamsuddeen kuma suka wayi gari da mura da zazzaɓi, ga ƙugu da kafaɗa suna nan inda suke. Kakar Bilya ta dogara sanda har shagon caji, ta ce ita ba faɗa ta zo ba, tana so ne kawai a gaya mata laifin da jikanta ya yi.

Saura uku. Tanko ya ga cewa in ya bar su a hannun mutanen Furana, ranar Asabar sai dai ya kai takalmansu Ikara. Da safiyar Alhamis ya tara Ukasha da Bashir da Abdulrahman a cikin shago, ya shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashin wayoyi, ya ce yau hutu ne na dole.

Ukasha ya sake rusunawa. "Koci, yau ne gayyar baban Mukarrama. Yankan dawa, a gonarsa ta hanyar Saulawa."

Mukarrama ita ce yarinyar da Ukasha yake nema, kuma kowa ya san al'ada: ranar da surukin gobe ya kira gayya, saurayi yakan zo da abokansa su yi aikin da za a daɗe ana labari. Wanda bai zo ba ya ba da amsa da kansa.

"In ban je ba zai ce ni rago ne."

"Mukarrama ba ta cikin tsari."

"Akwai wani mai babur daga Kudan da yake zuwa wajenta, Koci. Shi zai je da mutum shida."

"Shi ma ba ya cikin tsari."

Ya ja ƙofa, ya datse da kwaɗo, ya tafi karin kumallo. Da ya dawo ya tarar da mutum goma sha wani abu a ƙofar shago suna neman wayoyinsu, da kuma wani nishi yana fitowa daga baya. Shagon yana da 'yar taga ta wajen janareta. Ukasha da Bashir sun fice ta nan lafiya. Abdulrahman ne ya diro a kan janaretan, ya yi targaɗe, janaretan kuma ya yi tarinsa na ƙarshe. Aka ɗauki Abdulrahman zuwa wajen mai ɗori. Da la'asar Bashir ya dawo daga gayya da hannun dama a naɗe cikin tsumma, karan dawa ya tsage masa tafi. Ukasha shi kaɗai ya yi aikin mutum uku don ya rufe bakin mai babur, baban Mukarrama har da ba shi fura da hannunsa.

Ranar Juma'a a majalisar ƙofar masallaci aka tambayi Koci yaya 'yan wasa.

"Alhamdu lillahi. Huɗu suna cikin cikakken hutu yanzu, kwance suke ko motsi ba sa yi. Ko a Amurka ba a samun hutu irin wannan."

Malam Ya'u, wanda duk satin nan yake share barkonon da aka shanya a filin wasa yana yi wa 'yan benci huɗu atisaye ba tare da wani ya sa shi ba, ya jawo shi gefe. "Koci, shawara ce, ba komai ba. Mutum biyar cif gare mu. Gobe ka bar Ukasha ya buga har ƙarshe. In ya gaji sai ka nemi ɗan hutun minti ɗaya daga alƙali."

"Malam Ya'u, Zariya ka buga ko?"

"Eh."

"To ni Amurka nake kallo."

Ranar Asabar da la'asar filin Ikara ya cika. 'Yan Makarfi sun zo da motoci uku da mai kalangu, kowa da rakensa yana sha. 'Yan Furana sun zo a akori-kurar Alhaji Bobbo, a kan ragowar buhunan masara. Da aka jera masu hutu a benci, biyu cikin bargo, ɗaya da ƙafa a ɗaure da kara, ɗaya da hannu a rataye, wani ɗan Makarfi ya tofar da ɓawon rake ya ɗaga murya:

"Furana! Wasa kuka zo ko layin ganin likita?"

Aka fara. Kuma a nan ne abin mamaki ya faru, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya yi mako guda yana hawa katako da buhun masara, in ɗan Makarfi ya rataye a kafaɗarsa ba ya ma sanin an taɓa shi. Ukasha ya yi ta ratsa su yana zuba ƙwallo a kwando. 'Yan bencin Malam Ya'u kuma ba su yi abin kunya ba, sun san inda za su tsaya, sun san wanda za su miƙa wa. Mai kalangun Makarfi ya rage sauti. Da aka shiga zango na huɗu, na ƙarshe, Furana tana gaba da maki tara.

Tanko ya yi ta kai da kawo a bakin fili cikin babbar riga, yana juyawa wajen jama'a. "Kun ga lodi? Kun ga abin da nake faɗa?" Alhaji Bobbo ya gyaɗa kai sau biyu. Usur ya tsira. Abin da ya rage wa Koci a duniya shi ne ya samu wuri ya zauna na minti takwas.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Minti talatin da biyu sun cika.

Malam Ya'u ya riƙo masa hannun riga. "Koci, don girman Allah."

"Lodinsa ya cika."

"Ba mu da wanda zai canje shi!"

"Tsari tsari ne," in ji Tanko, ya kai usur baki.

A daidai lokacin Ukasha yana ƙarƙashin kwandon Makarfi, ƙwallo a hannu biyu, babu kowa a gabansa. Kansa ya san wasa ake yi, amma jikinsa ya yi mako guda yana jin wannan busar. Ya durƙusa, ya dire ƙwallon a ƙasa a hankali don kada ya fashe, ya kakkaɓe kafaɗa, ya juya ya nufi benci.

Wani ɗan Makarfi ya dubi ƙwallon, ya dubi alƙalin wasa.

"Ba ni na busa ba," in ji alƙali.

Yaron ya ɗauka ya ruga ya zuba. Alƙali ya zo ya nuna Tanko da yatsa, ya ce a filin nan usur ɗaya ne, ya kuma ba Makarfi jifan kyauta. Jama'ar Furana suka yi caa, kowa yana ihu a mai da Ukasha. Ko Tanko sai da ya ji cewa wataƙila a Amurka akan sassauta. Ya juya zai ce masa ya koma, amma an makara. Ukasha ya zauna, ya sha ruwa, ya jingina da bargon Bilya, barcin mako guda ya rufto masa gaba ɗaya. Aka girgiza shi, aka yayyafa masa ruwa. Mukarrama ta kira sunansa daga cikin mata, ya yi murmushi, bai farka ba.

Mutum huɗu ba sa tare biyar. Tara ta koma shida, shida ta koma biyu. Alhaji Bobbo ya daina gyaɗa kai, ya fara kallon wuyan Koci.

Nan Tanko ya tuɓe babbar riga. A ƙasa yana sanye da rigar ƙungiya mai lamba goma, ta sauko masa har gwiwa. Ya je teburin masu rubutu ya nuna sunansa a takarda.

Suwaiba ta miƙe daga cikin mata. "Baban Rahama! Ka tuna ko tsani ba ka hawa!"

"Zauna ki ga kimiyya."

Ya shiga fili da usur yana rawa a ƙirjinsa, ya ɗaga hannu yana kira a ba shi. Yaran sun saba yi masa biyayya, suka ba shi. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ƙwallo ya zo masa da gudu, kuma ya lura ya fi na bidiyo nauyi. Ya rungume shi, ya yi taku huɗu ba tare da ya buga shi a ƙasa ba, ya tuna yadda ƙwararru suke tashi sama, ya tashi. Waɗanda suke kusa sun ce ya bar ƙasa da kamar kaurin akwatin ashana. Da ya sauko gwiwarsa ta ce ƙas, har 'yan Kudan da ke can baya suka ji. Mai riƙe da agogo ya ce daƙiƙa goma sha ɗaya Koci ya buga.

Aka ja shi gefe. Makarfi ta ci da tazarar maki bakwai, kalangu ya dawo da ƙarfinsa.

Kalangun ne ya tashi Ukasha. Ya buɗe ido ya ga 'yan Makarfi suna rawa da kofi, ya ga Koci kwance a bakin fili yana murƙususu, ya cusa usur a baki yana cizo saboda zafi. Alhaji Bobbo ya ce a kai shi mota a nufi wajen mai ɗori, Ukasha ya sunkuya ya saɓa shi a kafaɗa.

Taku uku, gwiwa ta motsa, Tanko ya yi nishi, usur ya ce fiit. Ukasha ya durƙusa ya dire shi a ƙasa, ya kakkaɓe kafaɗa.

"Ɗauke ni, ɗan banza!"

"Yi haƙuri, Koci."

Ya sake saɓa shi. Taku biyar, fiit, ya sake dire shi. Zuwa na uku 'yan Makarfi sun bar rawar kofi sun zagaye su, mai kalangu yana jiran busar ya buga mata. Motar tana can nesa, ba a yi ko rabin hanya ba.

Alhaji Bobbo ya ratso jama'a ya tsuguna a gabansa. Bai ɗaga murya ba. Ya sa hannu ya zare usur daga bakin Tanko, ya goge shi da bakin rigarsa, ya zaro jan zaren ta kansa a hankali.

"Koci, in ba a cire wannan ba, yau ba za ka kai mota ba. Shi ma ya wuce mintinsa. A ba shi hutu."

"Na kwana nawa, Alhaji?"

Alhaji Bobbo ya miƙe ya rataya wa Malam Ya'u.

Wannan karon Ukasha ya kai shi har mota bai tsaya ba, ya kwantar da shi a kan buhunan masara, ya gyara shi don kada ya gangaro. Suwaiba ta hau ta zauna kusa da kansa. Hannun Tanko ya tafi ƙirjinsa da kansa, ya laluba, ya sake lalubawa, bai samu komai ba sai lamba goma. Abin ya yi masa ciwo fiye da gwiwar, idonsa ya ciko, ya juyar da fuska wajen buhu don kada 'yan Makarfi su gani.

Jama'a sun tare hanya, mota ta kasa fita. Malam Ya'u ya shiga gaba ya busa usur sau ɗaya, gajeruwa, mutane suka dare.

Tanko ya ɗago kai da ƙyar. "Ba haka ake busa shi ba."

Suwaiba ta mai da kansa kan buhu.

"Kwanta, Baban Rahama. Kana kan lodi."